Tarihin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya ƙera igwa ya kuma mai da fada makarantar mayaƙa

Duk ranar Sallah, da zarar an sauko daga idi a birnin Damagaram, hanyar da ta nufi ƙofar fada kan cika maƙil. Dogarai cikin ja da kore suna buɗe hanya, 'yan bindiga suna tashin albarushi, kakaki da algaita suna amsa wa juna. Sai mahaya su sako dawaki a guje, su ja linzami daf da inda Mai Martaba yake, su ɗaga hannu su yi jinjina. Samari na ɗauka da waya, kafin azahar hotunan sun isa ga 'yan uwa a Kano da Agadas da Libiya da Faransa.

Ga mafi yawan 'yan kallo wannan ado ne da nishaɗi. Amma kusan kowane motsi a cikinsa atisayen yaƙi ne, ragowar wata runduna da ta taɓa hana Kukawa da Kano barci. Wanda ya kai rundunar ƙololuwarta shi ne Tanimun ɗan Sulaimanu, sarkin da ya shafe fiye da shekara 30 a kan gadon Damagaram kafin rasuwarsa a 1884.

Haɗa wasa da horon soja ba a Damagaram kaɗai aka san shi ba. A Amurka, makarantar hafsoshin sojan ƙasa ta West Point, wadda aka kafa a 1802, tana da ƙungiyar ƙwallon Amurka, irin wadda ake runguma a ruga da ita ana ture juna. Wani ɗalibi mai suna Dennis Michie ne ya shawo kan hukumar makarantar ta yarda a buga, aka yi karawar farko da makarantar sojan ruwa ranar 29 ga Nuwamban 1890, sojan ruwa suka lallasa su 24 da nema. Michie ya mutu a fagen daga a Kuba a 1898, kuma filin wasan makarantar da aka buɗe a 1924 sunansa yake ɗauke da shi. Har gobe ɗalibai na shiga fili da fareti kafin karawar da sojan ruwa, ana jan alfadari a matsayin alamar ƙungiya, ana buga igwa idan an ci. Hujjar malamansu ita ce wanda ya saba da ture da biyayya da juriya a fili, ba zai rikice ranar daga ba.

Tanimun bai gina makaranta mai aji da allo ba. Amma hujjar nan ya san ta tun kafin a haifi Michie.

Rigimar wa da ƙane

Gidan sarautar Damagaram asalinsa daga Barebari yake. Wani malami ne ya kafa shi a farkon rabin ƙarni na 18, zuri'arsa suka yi ta sauya mazauni a tsakanin ƙananan garuruwa, har zuwa zamanin Sulaimanu ɗan Tintuma, mahaifin Tanimun, wanda ya zaunar da sarauta a Zinder a farkon ƙarni na 19. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ci Kano da Katsina da Daura, amma bai ci Damagaram ba. Ta tsaya a ƙarƙashin Borno, tana kai gaisuwa Kukawa, tana kuma zama mafaka da kasuwa ga waɗanda jihadin ya kora.

Bayan Sulaimanu, ɗansa Ibrahim ne ya hau a 1822. Daga nan aka shiga doguwar takun-saƙa tsakaninsa da ɗan'uwansa Tanimun, kuma a kowane zagaye hannun Kukawa na ciki. Tanimun ya ɗanɗana sarauta daga 1841 zuwa 1843, aka mai da Ibrahim, sai wajajen 1851 Tanimun ya sake hawa. Wannan karon bai sauka ba sai da ajali ya sauke shi.

Shekarun da ya yi yana jira sun nuna masa abu guda ƙarara: sarkin Damagaram na wancan lokaci rawaninsa a hannun Shehun Borno yake. Shehu Umar na da wakili zaunanne a Zinder, Sharif al-Fasi, wanda matafiya Turawa biyu, James Richardson a 1851 da Heinrich Barth a ƙarshen 1852, duk suka ambata a littattafansu. Abin da aka kitsa a fada da safe, labarinsa kan kama hanyar Kukawa kafin dare. Ga kuma 'ya'yan sarki da manyan hakimai, kowa da dawakinsa da barorinsa, waɗanda za su iya juya baya duk ranar da iska ta sauya. Kusan duk abin da Tanimun ya yi daga baya amsa ce ga waɗannan matsaloli biyu.

Ganuwa

Ya fara da katanga. A tsakiyar shekarun 1850 aka tara jama'a daga garuruwan ƙasar aka kewaye Birni da ganuwar ƙasa, aka haɗa har da wasu daga cikin manyan duwatsun da suka yi wa garin ƙawanya. Bafaranshe Fernand Foureau, wanda ya gan ta a 1899 tana tsaye, ya ƙiyasta tsayinta da mita 9 zuwa 10, kaurinta a gindi ya fi haka, da ƙofofi bakwai. Zango, inda Abzinawa da fataken Larabawa ke sauke raƙuma, ya kasance a waje, daga arewa.

Tsofaffin Birni na da labarai a kan wannan gini, ciki har da wanda ke cewa an binne Alƙur'anai da 'yan mata a cikin katangar don ta gagari abokan gaba. Irin wannan labari ana ba da shi a kan ganuwar garuruwa da dama a ƙasar Hausa, kuma abin da ya fi nunawa shi ne yadda talakawa suka ɗauki sarkin: mutum ne da ba a tsammanin akwai abin da zai ƙi yi don ya tsare gadonsa. A yau guntaye kaɗan suka rage. An rushe mafi yawanta a zamanin Turawa, ruwan sama da masu neman fili suka ƙarasa.

Maƙera da albarushi

Abin da ya bambanta Tanimun da sauran sarakunan zamaninsa shi ne bindiga. Sarakuna da yawa sun saye ta, amma sun ɗauke ta kayan burga, a ba wasu bayi kaɗan su riƙa tashi a gaban sarki. Shi ya mai da ita ginshiƙin runduna.

Hanyar samunta a buɗe take gare shi. Ayarin da ke tasowa daga Tarabulus ya bi ta Gadamas da Gat da Abzin, dole ya ratsa Damargu ya sauka Zinder kafin ya wuce Kano. Abzinawan Kel Ewe ne ke da raƙuman. Ta wannan hanya bindigogi da farar wuta da jan ƙarfe ke shigowa. Sauran aikin a gida ake yin sa: a haɗa albarushi da gawayi da farar wuta da wani gishirin ƙasa, a zuba harsashi, a gyara bindigar da ta lalace. Sannan aka kai ga abin da ya fi ba mutane mamaki, wato narka jan ƙarfe a zuba igwa a cikin Birni, a ɗora ta a kan ƙafafun katako masu gara.

Bayanan da tawagar Tilho ta tattara daga bakin dattawan Damagaram, lokacin da take shata iyakar Faransa da Ingila tsakanin 1906 da 1909, su ne tushen yawancin abin da ake faɗa a kan wannan, kuma masu tarihi kan ambaci bindiga kusan 6,000 da igwa 40. Wasu lissafin sun tsaya a igwa goma sha biyu. Ko ƙaramin adadin aka ɗauka, babu wata masarauta tsakanin Sakkwato da Tafkin Cadi da ta riƙe irin wannan a lokacin.

Kada a zaci igwar Zinder irin ta Jamus ce. Igwar da aka zuba da hannu ba ta da saiti sosai, ɗura ta na cin lokaci, jan ta cikin rairayi wahala ne. Babban aikinta firgitarwa ne. Dokin da bai taɓa jin irin wannan ƙara ba sai ya tuma ya watsar da mahayinsa, mutanen garin da aka kewaye kuma su ga ƙofar da suka dogara da ita ta zama itacen wuta. Sau da yawa labarin igwar kan riga ta isa, gari ya aiko da gaisuwa tun ba a harba ba.

Inda ake koyon yaƙi

A nan ne maganar horo ta shigo, domin bindiga ba mashi ba ce. Bindigar ɗurin baki sai an zuba albarushi daidai gwargwado, a tura harsashi da sanda, a gyara ƙanƙara, sannan a harba. Wanda ya yi garaje ko dai ta ƙi tashi ko ta fashe a hannunsa. Kuma mutum ɗaya da ita ba ya hana dawaki isowa. Sai an jera mutane da yawa, wasu na harbi wasu na ɗuri, kowa ya tsaya a inda aka ajiye shi alhali ƙasa na girgiza a gabansa. Manomin da aka kira daga gona bayan kaka ba zai iya wannan ba. Ana bukatar mutanen da ba su da wata sana'a sai ita.

Tanimun ya same su a cikin bayi. Yaran da aka kamo a hari ko aka haifa a gidan sarki, a fada suke tashi, sarki ke ci da su, shi ke tufatar da su, shi ke yi musu aure. Ba su da dangin da za su goya wa baya a rigimar sarauta, ba su da gadon da za su nema. Daga cikinsu aka fitar da 'yan bindiga da shugabanninsu, kamar yadda Borno ke naɗa bayi Kacalla ta ba su runduna. Wanda ya nuna ƙwazo sai a ɗaga shi, har ya kai ga riƙe garuruwa da karɓar haraji, ɗan sarki na kallo. Masaniyar tarihi Roberta Dunbar, wadda ta yi bincikenta na digirin digirgir a kan Damagaram, ta nuna yadda wannan ɗaukaka bayi ya sauya tsarin mulkin ƙasar baki ɗaya. Sarautun gargajiya irin su Ciroma da Galadima da Kaigama suna nan, amma ƙarfin wuta ya koma hannun waɗanda ba su da kowa sai sarki.

Su kuwa mahaya, makarantarsu ta fi tsufa. Yaro kan fara da yankan ciyawa da wanke doki a bargar ubangidansa. Daga nan a bar shi ya kai doki shan ruwa ba sirdi, sai kilisa da yamma, sai sukuwa da tsararsa. Kafin a ɗora masa lifidi, wato rigar auduga mai kauri da ake sa wa doki da mahayi don tare kibiya, sai ya iya juya doki da gwiwa hannayensa na riƙe da mashi da garkuwa. Sulke da kwalkwali na manya ne. Wancan tsayawar ba-zata da ake tafa wa a hawan Sallah, ita ce dabarar da barde ke bukata idan ya soki abokin gaba yana son ya juya kafin a rufe shi.

Dakarun ƙasa, 'yan baka da 'yan karma, nasu horon a farauta yake da kokowa da dambe. A farautar rani ake sanin mai gudu, mai jure ƙishirwa, da wanda ba ya barin abokinsa a daji. A fagen kokowa bayan girbi ake sanin ƙarfin kowane ƙauye. Makaɗa da maroƙa na wurin, kuma kirarin da suka yi wa saurayi a dandali shi za su tuna masa ranar daga, ya ji kunyar juyawa.

Hawan Sallah shi ne babbar jarrabawa. Kowane hakimi ya shigo Birni da dawakinsa da mutanensa, ya wuce a gaban sarki. Jama'a na kallon ado, sarki na ƙirga. Wanda dawakinsa suka rame, ko ya zo da rabin mutanen da ya kawo bara, ya san akwai tambaya a gaba.

Wannan dangantaka ta soja da wasa ba ta mutu ba a Nijar. Gwamnatin soja ta Seyni Kountché ce ta fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, kuma abin da ake ba zakara har yau takobi ne. Rundunar sojan ƙasar na da ƙungiyar ƙwallon ƙafa, AS FAN, wadda ta kai matakin rukuni a gasar kofin ƙalubale na Afirka a 2010.

Wa ya biya kuɗin?

Nan ne labarin ke ɗaci, kuma masu kirari ba su cika tsayawa a kai ba. Bature ko Balarabe ba ya ba da bindiga kyauta. Damagaram na fitar da fatu jemammu da gashin jimina, wanda kasuwarsa ta yi tashin gwauron zabi a Turai a shekarun 1870, tana kuma cin ribar gishiri da kanwa. Amma babban abin biya mutane ne.

Richardson, wanda ɗan yaƙi da cinikin bayi ne, ya yi makonni a Zinder a farkon 1851, a ƙarshen zamanin Ibrahim. Ya ga runduna ta dawo daga hari wajen Korgom tana kore da mata da yara, ya kuma rubuta cewa bashin da fatake ke bin fada na cikin abin da ke tayar da irin waɗannan hare-hare. Tanimun ya gaji wannan tsari, ya faɗaɗa shi. Bindiga ta kawo bayi, bayi suka kawo ƙarin bindiga. Wasu aka tura Kukawa a matsayin gaisuwa, wasu suka bi ayari zuwa arewa inda da yawa ba su kai ba, wasu aka zaunar a gandayen sarki suna noma hatsin da runduna ke ci, wasu kuma aka ba su bindiga su je su kamo wasu.

Da haka ƙasar ta buɗe. Garuruwan Sosebaki irin su Miriya da Waca da Dungas, da Kance da Magariya, da gidajen sarautar Daura na Zango da Baure, duk sun shiga inuwar Zinder, wasu da yaƙi wasu da lallashi. Iyakar Gumel da Haɗeja da arewacin Kano ba ta san kwanciyar hankali ba. Matashin da ke alfahari da Tanimun a yau, akwai yiwuwar kakansa na cikin mahayan, akwai kuma yiwuwar yana cikin waɗanda aka koro da igiya. Gidaje da dama a Damagaram sun haɗa duka biyun.

Shi da Kukawa

Tanimun bai taɓa shelanta ɓallewa daga Borno ba, kuma wannan na cikin wayonsa. Yakan aika gaisuwa idan ya ga dama, ya jinkirta idan ya ga dama. Da ya ji ƙarfinsa ya kai, sai ya afka wa Muniyo, ƙasar Gure, wadda ita ma 'yar Borno ce kamar Damagaram. Wato bara ya daki bara a gaban ubangida.

Likitan nan Bajamushe, Gustav Nachtigal, ya isa Kukawa a 1870 ya tarar maganar Tanimun da igwoginsa na cikin abin da ya fi damun fadar Shehu Umar. An yi ta aike-aike da barazana, amma rundunar Borno ba ta sake zuwa ta tuɓe sarki a Zinder kamar yadda ta saba a zamanin Ibrahim ba. Shehu Umar ya rasu a 1881, Tanimun ya bi shi bayan shekara uku yana kan gadonsa.

Shekara 15 bayan rasuwarsa

'Ya'yansa sun gaji rundunar, sun kuma gaji rigimar gida. Ibrahim Goto bai daɗe ba, Sulaimanu ɗan A'isa ya karɓa ya riƙe har 1893, sannan Ahmadu Kuran Daga ya hau a shekarar da Rabeh ya rushe Kukawa. Damagaram ta wayi gari ba ta da ubangida. Kuran Daga ya juya igwogin mahaifinsa kudu, ya gwabza da Sarkin Kano Alu a ƙarshen shekarun 1890, yaƙin Gezawa na cikin waɗanda har yau ake tunawa a ɓangarorin biyu.

Sai ga wani abokin gaba na daban. A watan Mayun 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou da tafintansa a Zinder, yana kan hanyarsa ta zuwa wurin Rabeh, abin da fada ta ɗauka ƙulla makirci ne a kanta. A ƙarshen Yulin 1899 ragowar rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone garuruwa tun daga bakin Kwara, ta iso Tirmini a yammacin Zinder. Sojojinta 'yan Afirka ne, hafsoshi kaɗan ne Faransawa, amma bindigarsu ta ɗurin gindi ce mai cin nisa, kuma an hore su su yi harbi tare bisa umarni. Dawakin Damagaram ba su kai gare su ba. Rana guda ta isa. Ganuwar da aka yi shekaru ana taƙama da ita ba a ma kare ta ba, Kuran Daga ya fice, aka cim masa a Rumji a watan Satumba aka kashe shi.

Gaskiyar magana, ba jarumta ce ta gaza a Tirmini ba. Bindigar da Tanimun ya tara ta zamanin 1860 ce, kuma ilimin zuba igwa da haɗa albarushi ya tsaya a hannun wasu maƙera da bayin fada, bai zama abin da ake rubutawa ana koyarwa ana sabuntawa ba. Turai ta sauya bindigarta fiye da sau ɗaya a cikin waɗannan shekaru. Zinder na nan da wadda ta sani.

A 1906 Faransawa suka zargi Sarki Ahmadu ɗan Bassa da shirya musu tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kodebuwa. Wanda suka ɗora ya riƙe ƙasar shi ne Ballama, bawan fada, ɗan irin tsarin da Tanimun ya ɗaukaka don ya tsare gidansa. Sai a 1923 sarauta ta koma hannun zuri'ar, aka naɗa Barma Mustafa. A tsakanin nan Zinder ta zama hedikwatar mulkin mallakar Nijar daga 1911, kafin a mai da ita Yamai a 1926.

Ɗan Damagaram, Farfesa André Salifou, wanda ya rasu a 2022 kuma jami'ar garin ke ɗauke da sunansa, shi ya fito da tarihin masarautar a littafi a 1971, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo da Faransanci mai suna Tanimoune. Tun 2006 unguwar Birni da fadar sarki na cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO tana neman a sa su cikin kayan tarihi na duniya. Barikin da Faransawa suka gina a kan dutse don su riƙa leƙen Birni, suka raɗa masa sunan Cazemajou, yanzu sojojin Nijar ne a ciki, kuma sunan Tanimun yake amsawa.